Tambaya da Amsa: Haɗa Kwamfutar Wasanni da Kuɗi Kaɗan

Wasiƙun da suka taru a wannan karon kusan duk a kan abu ɗaya suke, wato yadda mutum zai haɗa kwamfutar buga wasanni da hannunsa alhali abin da ke aljihunsa bai taka kara ya karya ba. Na taƙaita masu tsawo, na kuma haɗe waɗanda suka yi kama da juna. Ban ambaci farashi ba, domin farashin waɗannan kayayyaki yakan sauya tun kafin mujalla ta kai hannun mai karatu.

Tambaya: Malam, barka da ƙoƙari. Ni ɗalibi ne, kuma na fi shekara ina tara kuɗi domin in haɗa kwamfutar da zan riƙa buga wasanni a kanta. Wani abokina ya ba ni shawarar in zuba fiye da rabin kuɗin a kan furosesa mafi ƙarfi, wai ita ce ƙwaƙwalwar kwamfuta, sauran kayan kuma in lallaɓa da abin da ya rage. Shin haka abin yake?

Amsa: Ƙanena, abokinka bai yi ƙarya ba da ya kira furosesa ƙwaƙwalwa, amma idan ka bi shawarar da ya ɗora a kan wannan magana za ka yi da-na-sani. A wajen wasa, aikin da ya fi kowanne nauyi shi ne zana hoton da idonka ke gani, kuma katin hoto ne yake wannan aiki. Furosesa tana lissafa abin da ke gudana a cikin wasan, kamar inda ƙwallo ta nufa ko abin da abokin karawa zai yi, sannan ta miƙa wa katin umarni, shi kuma ya zana kowane ɗigo na allon, ya goge ya sake zanawa sau 60 ko fiye da haka a cikin sakan ɗaya. Idan katin ya gaza, komai ƙarfin furosesar zaman jira za ta riƙa yi.

Saboda haka tambayar farko da za ka yi wa kanka ita ce a kan wane allo za ka buga. Allon da ake kira 1080p yana da ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye, jimilla 2,073,600. Na 1440p yana da 3,686,400, wato ƙarin kusan kashi 78 cikin ɗari, na 4K kuwa yana da 8,294,400, ninki huɗu cif na 1080p. Duk ɗigon da ya ƙaru ƙarin kaya ne a wuyan katin, kuma ƙarin kuɗi ne a wuyanka. Mai haɗa kwamfuta da tanadi ya tsaya a kan 1080p, kuma babu abin kunya a cikin haka, domin a allo mai inci 24 hoton yana fita tas.

Abin da nake gaya wa duk wanda ya tambaye ni shi ne katin hoto ya ci tsakanin kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin kuɗin gaba ɗaya. A matakin 1080p, katunan da suka yi suna wajen ba da aiki daidai kuɗinsu sun haɗa da Radeon RX 6600 na kamfanin AMD da GeForce RTX 3060 na kamfanin Nvidia, waɗanda duk suka fito a 2021, sai RX 7600 da RTX 4060 na 2023, sai kuma Arc B580 da Intel ya fitar a watan Disamba na 2024. Na Intel ɗin yana da sharaɗi guda: yana buƙatar a kunna masa wani saiti mai suna Resizable BAR a cikin BIOS, wato shafin saitunan da ake shiga daidai lokacin kunna kwamfuta, kuma idan aka dasa shi a tsohuwar kwamfutar da ba ta da wannan saiti ƙarfinsa yakan zube sosai.

Ka kuma lura da ma'ajiyar da ke jikin katin kansa, domin a cikinta yake jibge zane-zanen wasan. Gigabait 8 yana wadatar da yawancin wasanni a 1080p, amma wasu sababbi sun fara cika shi idan aka ƙure musu ingancin hoto, kuma da zarar ya cika sai ka ga wasan yana tsaitsayawa kamar mai tuntuɓe, ko bango ya koma dishi-dishi. Wannan ne ya sa RTX 3060 da Arc B580, masu gigabait 12, suke da farin jini fiye da yadda tsagwaron saurinsu zai nuna. Kati mai gigabait 4 kuwa ba na ba kowa shawarar sayensa sabo a yau.

Akwai tarkon suna da ya kamata ka sani. Kamfanoni sukan sayar da kati biyu da suna ɗaya alhali cikinsu ya bambanta. GTX 1060 ya zo da na gigabait 6 da na gigabait 3, kuma ƙaramin ba ma'ajiya kaɗai aka rage masa ba, har da cibiyoyin lissafi, daga 1280 zuwa 1152. RTX 3060 ma yana da ɗan'uwa mai gigabait 8 wanda aka ƙuntata masa hanyar da bayanai ke bi, don haka bai kai mai 12 sauri ba. Ka karanta sunan har ƙarshensa kafin ka miƙa kuɗi.

To, mu dawo kan furosesa. Mai cibiya shida ta ishe ka. Ryzen 5 5600 da Core i5-12400F, waɗanda suka fito a 2022, kowacce tana iya ciyar da duk katunan da na ambata ba tare da ta riƙe musu ƙafa ba, kuma idan ka saye su a kwalinsu sukan zo da fankar sanyaya, ka ga ka huta da sayen wata. Inda abokinka yake da ɗan gaskiya shi ne wasannin gasa irin su Counter-Strike 2 da Valorant, waɗanda hotonsu ba shi da nauyi amma ’yan wasa ke son ganin hoto 200 ko fiye a sakan. A nan furosesa ce take fara gajiya. Idan irinsu kaɗai za ka buga, to ka ɗan karkatar da kuɗin wajenta.

Sai zancen gurbin da furosesa ke zama a kan madabod, wato babban faifan da ake dasa kayan kwamfuta a kansa, domin gurbin ne zai yanke maka irin sauran kayan. Gurbin AM4 na AMD ya fito tun 2016, yana aiki da ram (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita) na DDR4, kuma saboda daɗewarsa kayansa sun wadata. AM5 ya zo a 2022, ba ya karɓar komai sai DDR5, amma AMD ya ce zai ci gaba da yi masa furosesoshi har zuwa 2027 ko bayan haka. Wasu za su ce maka sayen AM4 a yanzu shiga lungu ne marar ɓullewa. Gaskiya ne ba za a ƙara yi masa wani babban sabon abu ba, sai dai ni a ganina, idan kuɗin da za ka tsira da shi ya isa ya ɗaga ka daga wannan kati zuwa na gaba da shi, to ka ɗauki AM4 ka sayi katin, domin amfanin katin yau za ka gan shi, canjin furosesar da ake yi maka kwaɗayi kuwa mai yiwuwa sai bayan shekaru huɗu ko biyar, lokacin da watakila ma dukan kwamfutar za ka sake.

Tambaya: Malam, ram na gigabait 16 nake son saye. In sayi sanda ɗaya mai 16 domin in ƙara wata nan gaba, ko in sayi biyu masu 8?

Amsa: Ɗan'uwa, sayi biyu masu 8, kuma su zo tare a kwali ɗaya. Furosesa tana da hanyoyi biyu na zuwa wajen ram, kuma sanda ɗaya hanya ɗaya kawai take buɗewa. DDR4 mai gudun 3200 yana iya wuce da gigabait 25.6 a sakan ta hanya ɗaya, idan biyu ne kuwa 51.2. Bambancin ba ya ninka saurin wasa, amma yana rage wannan ’yar tsayawar da ke zuwa daidai lokacin da fage ya cika da motsi. Idan madabod ɗinka mai rami huɗu ne, yawanci a rami na biyu da na huɗu ake sa su idan ka ƙirga daga wajen furosesa, amma ka duba ɗan littafin da ya zo da shi.

Abu ɗaya da mutane da yawa suke mantawa shi ne ram ba ya gudu da saurin da aka rubuta a kwalinsa sai an umarce shi. Za ka sayi mai 3200, ka dasa, ya zauna a kan 2133 ko 2400 shekara da shekaru ba ka sani ba. Ka shiga BIOS ka kunna saitin da ke sakar masa cikakken gudunsa, mai suna XMP, ko EXPO idan AM5 ne, wasu madabod ɗin kuma DOCP suke kiransa. Aikin minti ɗaya ne.

Tambaya: Malam, na gama lissafina sai na ga kuɗin bai kai ba. Na ga wani akwatin wuta (na'urar da ke raba wa kayan kwamfuta lantarki) marar suna da aka rubuta wa wat 700, kuma bai kai rabin kuɗin mai suna na wat 550 ba. Tunda ya fi ƙarfi kuma ya fi araha, me zai hana in rage a nan?

Amsa: Malam, ka rage a ko'ina ban da nan. Zan ba ka labarin abin da ya same ni, domin ni ma na taɓa yin irin wannan lissafi. Shekarun baya, lokacin da nake haɗa kwamfutata ta biyu, na sayi wani akwatin wuta da aka liƙa wa takardar wat 600. Tun da na ɗaga shi na ji ba shi da nauyi, kamar gwangwanin da aka juye abin cikinsa, amma na yi wa kaina huɗubar cewa ai wuta wuta ce. Ya yi wata uku lafiya lau. Wani dare ina tsakiyar wasa sai na ji ƙara fas, allo ya yi baƙi, warin ƙonannen roba ya cika ɗakin. Da na kwance shi washegari na karanta ’yan ƙananan lambobin da ke jikin takardar, sai na ga layin volt 12 amfiya 20 kacal yake bayarwa. Ka ninka 12 sau 20, za ka samu wat 240. Ragowar abin da ya cike 600 ɗin an tattaro shi ne daga layukan volt 5 da 3.3 waɗanda kwamfutar zamani ba ta cika jan wuta ta kansu ba. Bai tafi shi kaɗai ba, ya ja madabod ɗin ya tafi da shi. Garin neman gira na rasa ido.

Katin hoto da furosesa, waɗanda su ne masu cin wuta, dukansu daga layin volt 12 suke sha. Don haka wannan lissafin da na yi bayan aikin gama ya gama, kai ka yi shi kafin ka saya. Akwati nagari na wat 550 za ka tarar yana ba da amfiya 45 ko kusa da haka a wannan layi, wato kusan dukan ƙarfinsa. Za ka kuma tarar an rubuta cewa yana da kariya daga wuce gona da iri na wuta da na nauyi da haɗuwar waya, kariyar da ke sa ya kashe kansa kafin ya kashe abin da ke jone da shi.

Ba ka ma buƙatar wat 700. RX 6600 yana jan kusan wat 132, RTX 4060 wat 115, RTX 3060 wat 170, furosesa irin Ryzen 5 5600 kuwa an ƙiyasta ta a kan wat 65. Idan ka tara da sauran ƙananan kaya da ƙyar za ka haura 300. Nvidia da kansa wat 550 ya ba da shawara ga RTX 3060 da RTX 4060, AMD kuma 450 ga RX 6600. Mai 550 zuwa 650 ya ishe ka har da sararin canza kati nan gaba.

Game da tambarin 80 Plus da ake bugawa a kwali, wanda aka ƙirƙiro a 2004, ka fahimci abin da yake aunawa. Yana nuna yawan wutar da ke shiga ta zama aiki maimakon ta zama zafi: matakin Bronze yana nufin kusan kashi 85 cikin ɗari idan akwatin yana ɗauke da rabin nauyinsa, Gold kuma kusan 90. Bai ce komai ba a kan ingancin kayan ciki ko tsawon rai. Abin da ya fi nuna maka yadda kamfani ya yarda da abin da ya ƙera shi ne tsawon garanti; mai shekara biyar ko fiye ya fi kwantar da hankali. Kuma ina roƙonka abu biyu. Kada ka taɓa kwance akwatin wuta ka sa hannu a ciki kamar yadda na yi da ƙuruciya, domin akwai sassan da ke riƙe da wuta mai kisa ko bayan an zare filogi. Kada kuma ka ɗauki wayar wani akwatin ka jona a wani don ka ga bakin ya shiga, domin jerin wayoyin ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani.

Inda za ka rage kuɗin kuwa yana nan birjik: gidan kwamfuta mai gilashi da fitilu masu canza launi, na'urar sanyaya mai ruwa, da madabod mai tsada. Fitila ba ta ƙara hoto ko ɗaya a sakan. Gida mai raga a gaba da fanka biyu ko uku ya fi mai gilashin da ya toshe iska, kuma sau da yawa shi ya fi sauƙi. Madabod na B550 ko B450 a ɓangaren AMD, ko B660 da B760 a ɓangaren Intel, zai yi maka duk abin da wasa ke buƙata.

Tambaya: Malam, an yi mini tayin katin hoto na hannu, amma ina zargin an yi haƙar kuɗin kirifto da shi. Wasu sun ce irin waɗannan sun riga sun mutu a tsaye. In saya ko in bari?

Amsa: Ɗan'uwa, zarginka yana da tushe. A watan Satumba na 2022 tsarin kuɗin kirifto na Ethereum ya daina dogaro da haƙa, wato sa katunan hoto su yi ta lissafi domin samar da sabon kuɗi, kuma katunan da suka yi shekaru suna wannan aiki dare da rana suka kwararo kasuwa. Amma ba duka suka lalace ba. Masu haƙa da yawa sukan rage wa kati wuta domin su rage kuɗin lantarki, don haka zuciyar katin ba lallai ta sha wahala ba. Abin da ya fi jigata shi ne fankoki, da ma'ajiyar katin da ta daɗe cikin zafi, da man da ke tsakanin zuciyar da ƙarfen sanyaya, wanda yakan bushe ya zama kamar alli.

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Kada ka biya sai an dasa katin a gabanka. Ka buɗe manhajar GPU-Z ka tabbatar sunan da adadin ma'ajiyar sun dace da abin da aka gaya maka, domin akwai tsofaffin katuna da ake sauya wa suna su fito a matsayin sababbi, kuma wannan manhaja takan tona da yawa daga cikinsu. Sannan ka saka wasa mai nauyi ko manhajar FurMark na tsawon rabin awa, kana kallon allon kana sauraron katin. Ɗige-ɗige masu launi, ko layuka da ke giftawa, ko allon ya ɗauke ya dawo, duk alamu ne na ma'ajiya mai ciwo, kuma wannan ba ciwon da za ka warkar a gida ba ne. Fanka mai gurnani ko mai rawa ana iya canza ta, sai dai ka sa a rage maka kuɗinta. Zafin da ya tsaya a wajen digiri 70 zuwa 80 ba abin damuwa ba ne, amma idan ya doshi 90 cikin ’yan mintuna, to man ya bushe ko ƙura ta toshe hanyar iska. Mai kaya da ya ƙi yarda a gwada ya riga ya ba ka amsa.

Tunda zancen kayan hannu ya taso, furosesa da ram da gida su ne suka fi aminci a saya na hannu, domin ba su cika lalacewa ba. A furosesar AM4 ka juya ta ka duba ƙananan alluran da ke ƙasanta ko akwai wadda ta lanƙwashe. A ɓangaren Intel da AM5 kuwa alluran suna cikin gurbin madabod ne, can za ka haska fitila. Akwatin wuta kam sabo za ka saya.

Tambaya: Malam, ni uwa ce, kuma ɗana mai shekara 13 ya dame ni da zancen kwamfutar wasa. Muna da tsohuwar kwamfutar ofis a gida wadda take aiki lafiya. Shin za a iya gyara ta ta yi, ko dole sai an sayi sabuwa?

Amsa: Hajiya, sau da yawa ana iya yi, kuma ga yaro mai wannan shekaru hanya ce mai kyau ta farawa. Abubuwa uku za a duba. Na farko girman gidan: idan siririya ce, kati mai gajeren tsayi kaɗai zai shiga. Na biyu akwatin wutarta, domin irin waɗannan kwamfutoci sukan zo da ƙarami wanda ba shi da wayar da ake jona wa katin hoto, kuma wasu kamfanonin sukan ƙera shi da baki na daban yadda ba za a iya maye gurbinsa da na kasuwa ba. Mafita ita ce katin da ke wadatuwa da wat 75 ɗin da ramin madabod ke bayarwa, irin su yawancin GTX 1650 ko RTX 3050 mai gigabait 6. Ki sa a tabbatar wanda za a saya ba shi da ramin ƙarin wuta a gefensa, domin wasu samfuran suna da shi. Da irin wannan kati yaro zai buga Minecraft da Fortnite da wasannin ƙwallon ƙafa cikin jin daɗi, manyan wasanni masu nauyi kuwa sai an sassauta musu ingancin hoto.

Na uku shekarun furosesar. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma a hukumance yana neman furosesar Intel ta ƙarni na takwas zuwa sama ko Ryzen 2000 zuwa sama, tare da sashen tsaro mai suna TPM 2.0. Idan taku ta girmi haka, kada ki zuba mata kuɗi mai yawa. Ki tsaya a kan abubuwan da za a iya cirewa a mayar cikin wata kwamfutar daga baya, wato katin da SSD, ma'ajiyar bayanai mai sauri wadda ba ta da faifai mai juyawa.

Tambaya: Malam, SSD mai saurin megabait 7000 a sakan ya fi mai 3500 tsada. Wasa zai ninka sauri da shi?

Amsa: A'a, ɗan'uwa. Babban tsalle yana tsakanin tsohon faifai mai juyawa, wanda da ƙyar yake kai megabait 200 a sakan, da kowane irin SSD, ko da na SATA ne mai kusan 550. Daga nan zuwa sama, bambancin lokacin buɗe wasa bai wuce ’yan sakanni ba, kuma ba ya ƙara yawan hoton da kake gani. Ka fifita girma a kan sauri, ka nemi terabait ɗaya, domin manyan wasanni da yawa yanzu sun haura gigabait 100 kowanne, wasu kuma irin su Starfield na 2023 sun sa SSD a cikin sharuɗɗansu.

Tambaya: Malam, na haɗa komai, Ryzen 5 5600 ce a kan madabod B450 da katin RX 6600. Na kunna, fankoki suna juyawa, amma allo bai nuna komai ba. Shin na ƙona wani abu ne?

Amsa: Kwantar da hankalinka, ƙanena, da wuya a ce ka ƙona wani abu. Ka fara leƙa bayan kwamfutar ka ga inda ka soka wayar allo. Idan a ramukan sama ne, na jikin madabod, to ka samo matsalar, domin Ryzen 5 5600 ba ta da sashen hoto a cikinta, haka ma furosesoshin Intel masu harafin F a ƙarshen suna. Wayar a jikin katin take shiga, can ƙasa inda ramukan suke a kwance.

Idan ba haka ba ne, ka kashe, ka zare filogi, ka cire sandunan ram ka sake danna su da ƙarfi har sai ka ji ƙas, maƙallin ya rufe da kansa. Sabon shiga yakan ji tsoron karya su ya bar su rabi a waje. Ka duba waya mai baki takwas da ke shiga saman madabod ta hagu, wadda ke ciyar da furosesa, da ɗaya mai baki takwas ɗin da ke shiga katin, kuma kada ka musanya su duk da kamar da suke yi.

Idan duk wannan bai yi ba, ina zargin BIOS. Madabod na B450 ya fito a 2018, ya riga jerin Ryzen 5000 zuwa duniya da shekara biyu, kuma wanda ya daɗe a ajiye ba zai gane furosesarka ba sai an sabunta shi. Ka duba kwalin ko an liƙa takardar da ke cewa ya shirya wa Ryzen 5000. Idan babu, ka duba bayan madabod ɗin ko yana da ɗan maɓallin sabunta BIOS ta filashi, wanda ke aiki ko babu furosesa. Idan ba shi da shi, sai ka ari tsohuwar Ryzen ka dasa na ɗan lokaci, ka sabunta, ka mayar da taka.

Ranar da hoto ya fito, kafin ka saka wasan farko, ka shiga BIOS ka dubi zafin furosesa. Idan ka gan shi yana hawa babu tsayawa alhali ba a aikin komai, kuma fankar da ka ɗora ba wadda ta zo a kwalin furosesar ba ce, to ka kwance ta ka duba ƙasanta, domin yawancin na kasuwa suna zuwa da siririyar leda a liƙe da ƙarfen, kuma mantawa da ita ya kama ƙwararru ma. Bayan haka ka shiga saitin allo na Windows ka duba yawan sabunta hoto, domin allon da ke iya sabunta hoto sau 144 a sakan yakan tashi a kan 60 har sai ka canza shi da hannunka.